Gishirin Kribi ya ci mini kwamfuta

Kribi, Kamaru, daren Laraba

Assalamu alaikum mutumina,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da amarya da su Hajiya. Ya Njamena, ya fama da jama'a? Na san ka yi fushi. Saƙonninka na murya guda uku suna nan a waya, duk na saurara, har wanda ka ce idan na zama Bature in sanar da kai ka huta. Wallahi ba haka ba ne. Kullum sai in ce gobe zan zauna in rubuto maka da tsawo, don abin da ke raina ya fi ƙarfin saƙon minti ɗaya. Yau ruwa ya tsare ni a ɗaki tun la'asar, na ce to, ranar ta zo.

Ka tambaye ni ko ka ajiye aikinka ka biyo ni, da kuma nawa mutum zai tanada kafin ya taso. Ka ji halin da nake ciki tukuna, sai ka auna da kanka. Bari in fara da abin da ya hana ni barci.

Kwamfutata ta mutu. Sati uku ke nan, daren Lahadi, ina haɗa lissafin ƙarshen Satumba na mutanen nan na Beljiyam da nake yi wa aiki ta intanet, wanda zan miƙa da safiyar Litinin. Na tashi na yi isha'i, na dawo na danna, shiru. 'Yar fitilar gefe ta ƙyafta sau biyu ta ɗauke. Na canza waya, na canza soket, na ari caja a maƙwabta, ko gezau. Ban runtsa ba. Ana idar da asuba na nufi tasha na hau motar Duwala, ta Edeya, awa uku da wani abu ina rungume da jaka a ƙirji kamar mai kai jariri asibiti.

Yaron da ya duba mini ita bai fi shekara 25 ba. Ya kwance bayanta, ya jawo fitila, ya yafito ni da hannu. Mutumina, da ka ga cikinta. Wani kore-kore ya bi ƙananan ƙarafan nan kamar gansakuka a gindin randa, kusoshin duk sun yi ja da tsatsa. Bai ko tambaye ni daga ina nake ba, ya ce, "A bakin ruwa kake zaune ko?" Ya yi mini bayani: iskar teku da gishiri take tafe, fankar kwamfuta tana zuƙo ta ciki dare da rana, gishirin ya kwanta, ya jawo danshi, danshin ya ci ƙarfe a hankali. Ni kuwa wata bakwai tagar ɗakina a buɗe nake aiki, saboda daɗin iskar. Ba wanda ya taɓa gaya mini. Mu da muka tashi a Garwa, abokin gabarmu ƙura ce, da hunturu ya kama mu rufa wa kaya zane, shi ke nan.

Alhamdulillahi ya ceto mini abin da ke ciki, ko takarda ɗaya ba ta ɓata ba. Amma ita kam ta tafi. Na sayi ta hannu a nan take, kuma kuɗin da na biya su ne waɗanda nake tarawa don in ɗauko Maman yara a watan Disamba. Aikin bai isa ga mutanen Beljiyam ba sai ranar Laraba. Matar da nake ƙarƙashinta ba ta ɗaga murya ba, ka san su, cikin lallami ta ce ta fahimta, sannan ta ce kwantiragina zai ƙare a Janairu, kuma sabunta shi ya danganta da yadda watannin nan uku za su kasance. Tun ranar, ko ƙara kwamfuta ta yi sai gabana ya faɗi.

Yanzu na sayi bokitin roba mai murfi. Ina gama aiki sai in saka ta ciki, da shinkafa ɗaure a tsohuwar safa, da 'yan ƙullin nan farare da ake samu a kwalin sabon takalmi, in danne murfi. Taga kuma a rufe, in sha zafi da fanka. Kuma ba ita kaɗai danshin ya taɓa ba. Takalmin fatar da muka saya tare a babbar kasuwa kafin Sallah ya yi funfuna fari fat. Babbar rigata tana warin ƙasa ko na wanke ta. Ashana ba ta kamawa sai ka goga uku huɗu. Kilishin da Inna ta aiko, wanda a gida zai yi wata yana ƙaras-ƙaras, kwana uku ya yi laushi kamar tsumma. Ruwan da ake yi a nan cikin shekara ya kusa ninka na Garwa sau uku, kuma Satumba da Oktoba su ne gangariyarsa. Ku yanzu kuna shirin girbi kuna jiran sanyi, mu nan kwano ne ke ta kiɗa a kanmu.

Af, kafin in manta. Da gaske ne Dogo ya ƙara aure? Ƙanwata ce ta faɗa mini a waya, ta ce 'yar Pitowa ce, kuma wai kai ne ka tsaya masa a kan komai. Kai da ka rantse a majalisar mai shayi, a bakin Rumde Ajiya, cewa ba za ka sake shiga maganar aurensa ba bayan abin da ya faru a Ngaundere! Ina nan na riƙe, sai mun haɗu. Ka ce masa goron nawa bashi ne.

To, in dawo. Abin da ke ɗaure mini kai a garin nan, komai na duniya ta nan yake bi, amma samunsa a ɗakinka sai an dace. Igiyar intanet da aka shimfiɗa a ƙarƙashin teku daga Kamaru zuwa Fortaleza ta ƙasar Barazil, mai tsawon kusan kilomita 6,000, a nan Kribi ta fito tudu, tun 2018. Ni kuwa da hadari ya haɗo sai rezo, wato sabis ɗin waya, ya fara rawa, shi ya sa nake riƙe da layi biyu, wannan ya faɗi in koma wancan. Akwai tashar wuta mai aiki da iskar gas a gefen gari, megawat 216, tana aiki tun 2013, amma iska ta karya reshe ɗaya ya faɗa kan waya, unguwa ta kwana a duhu. Duk da haka ba zan yi butulci ba, ya fi abin da na baro. Ka tuna Maris da Afrilu a Garwa, zafi ya haura 40, ruwan madatsar Lagdo mai ba mu wuta ya ja baya, ana raba wuta unguwa-unguwa, ina zaune da gumi yana ɗiga a kan madannai, Turawa suna jira a ɗaya gefen. Abin da ya kore ni ke nan, ka fi kowa sani.

Kuma kar ka ɗauka duk kuka ne. Garin nan yana da kyau, kyan da ban iya kwatanta maka a waya ba. Ranar da ba ni da taron safe nakan taka zuwa Mboa Manga, inda kogin Kienke ke shiga teku, in tsaya ina kallon kwale-kwale suna dawowa. Ana juye kifi a kan siminti yana ta tsalle, mata sun kewaye ana ciniki da Faransanci da yaren Batanga, ka zaɓi naka, ka miƙa wa mai gashi a gefe, ta tsaga shi, ta shafe shi da yaji, ta ɗora a garwashi, a kawo maka da soyayyar ayaba ko ƙullin rogon nan nasu da ake naɗewa a ganye. Jatan lande kuwa manya kamar yatsan hannu. Har yanzu dai ina nan kan bakana, giwan ruwan Binuwai ya fi kowane kifin teku zaƙi, amma a nan na daina faɗa da ƙarfi. Can bakin gaɓa akwai hasumiyar fitilar jiragen ruwa da Jamusawa suka gina a 1906, tana nan tsaye. Sai kuma Lobe, kilomita bakwai kudu da gari, inda kogi guda yake zubowa daga kan duwatsu kai tsaye cikin teku. Ranar da na fara zuwa na shiga kwale-kwale aka kai ni har inda feshin ruwan ke dukan fuska, na rasa abin cewa sai tasbihi. Na tuna da kai, wallahi. Kai da ka ƙanƙame ƙafar mai jirgi ranar da muka haye Binuwai, ruwa ko ƙugu bai kai ba, kana kiran sunan Hajiya. A nan sai dai mu ɗaure ka da igiya a jikin kwakwa.

Da dare idan sama ta washe, daga bakin yashi ana hango fitilun jirgin da ake tara ɗanyen mai a ciki, can tsakiyar ruwa. Man ku ne na Doba. Tun 2003 yake biyo bututu, kilomita 1,070, ya ratso ƙasar nan tun daga arewa har ya faɗo nan. Ka ga man Chadi ya riga ka zuwa da shekaru, saura kai.

Amma ga abin da ban gaya wa kowa ba, ko Maman yara. Kaɗaici yana cina. Garin baƙi ne. Ranar Juma'a da yamma motoci su cika shi daga Yawunde da Duwala, a yi ta kiɗa a bakin ruwan Ngoye har asuba, Lahadi da la'asar kowa ya kama hanya, gari ya yi tsit. Wanda kuka saba da shi yau, jibi ya tafi. Aikin kuma ba ya haɗa ka da kowa, fuskoki ne a gilashi, a gama taro a kashe. Akwai ranar da na lura tun safe har magariba ban yi magana da ɗan Adam ba sai "sannu" da na ce wa mai burodi. Babu majalisa, babu wanda zai leƙo ya ce fito mu sha shayi. Ranar Juma'a ce kaɗai nake jin ni mutum ne cikin mutane: a masallaci ina haɗuwa da mahauta da masu tsire 'yan Marwa da Garwa, da direbobin manyan motoci masu ɗaukar kaya daga sabuwar tashar jiragen ruwa ta Mboro zuwa wajenku. A gaisa da Hausa, a gaisa da Fulatanci, wani ya ba ka labarin hanya. Ita ma Juma'ar sai da na yi tsayin daka, don taron mutanen Beljiyam na ƙarfe 2 yana faɗawa ƙarfe 1 namu, daidai lokacin huɗuba. Na faɗa musu gaskiya tun farko, suka matsar da shi. Ƙarshen watan nan za su mayar da agogonsu baya da awa ɗaya, mu daidaita, in huta da lissafin lokaci har Maris.

Mai gidan da nake haya, wata dattijuwa 'yar Batanga, mutuniyar kirki ce. Tun da ta gane abin da nake ci da wanda ba na ci, ta ware tukunya guda, idan ta dafa kifi sai ta aiko jikarta da kwano. Ranar da na dawo daga Duwala ta ga fuskata, ba ta tambaye ni komai ba, ta kawo kujera ta zauna a ƙofar ɗakina har aka yi magariba. Sai dai ɗanta ya zo makon jiya da magana: daga Disamba yana so ya riƙa ba masu hutu ɗakunan kwana-kwana, don abin da zai samu a sati ɗaya na Kirsimeti ya fi hayata ta wata. Ko in ƙara, ko in tashi. Ban ga laifinsa ba, lokacin kasuwarsu ke nan, amma ka ga inda abin ya same ni.

Inna kuwa har yau ba ta yarda aiki nake yi ba. Ta ce wane irin aiki ne mutum ba ya sa hula ya fita? Maƙwabta ta gaya wa wai a tashar jirgin ruwa nake. Duk wayar da za mu yi sai ta ce in dawo gida, yaran suna tambaya, ƙaramin ya fara tafiya ban gani ba. Wannan maganar ta ƙarshe ita ce ke tsaya mini a wuya. Idan na ɗauko su, ina tunanin Islamiyyar da zan sa babbar, da yadda Maman yara za ta zauna a garin da ba ta da 'yar'uwa ko ɗaya, ga irin shigar da ake yi a bakin ruwa ranar Asabar, ka san halinta da kunya. Idan na koma Garwa, Maris yana nan tafe da zafinsa da ɗaukewar wuta, a daidai lokacin da ake duba ko za a ci gaba da ni. Na yi tunanin in sayi faranti mai amfani da hasken rana da batir in kafa a gidanmu, rana dai ba ma rasa ta, amma kuɗin sun tafi a kwamfuta. Na yi istihara sau biyu. Kai ka san ni, ka san Inna, ka san gidan. Me ka gani? Kar ka ba ni amsar majalisa, ka zauna ka yi tunani ka rubuto.

Sannan idan direban nan na Kuseri zai sauko ɗaukar kaya, don Allah ka haɗo ni da kuka da daddawa da busasshiyar kuɓewa, a zuba a gwangwani mai murfi, kar a sa a leda. Kilishi kuma kar ka wahalar da kanka. Ka gaishe da Hajiya da kyau, ka ce ina neman addu'a. Ka gaishe da amarya, ka ce mata har yanzu ina jiran hoton ɗan baƙon da aka ce yana hanya. Ruwa ya tsagaita, wuta ba ta dawo ba, batir ya kusa ƙarewa, bari in mayar da ita bokiti.

Naka har kullum,
abokin haye Binuwai