Kantar abin sha ta tafi-da-gidanka: kowane gari da irin maƙogwaronsa

Ranka ya daɗe Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a wannan jarida tamu in yi magana a kan sana'ata, domin 'yan mata da samari sun ishe ni da tambaya a waya, kuma amsar ta fi ƙarfin saƙon WhatsApp. Tun 2019 nake kai kantar abin sha wuraren biki a nan Kaduna da garuruwan da ke kusa. Kanta ce ta katako mai naɗewa, muna loda ta a a-kori-kura tare da kuloli da kofuna da injin markaɗe, ni da yarana huɗu, mu kafa ta a kusurwar ɗakin taro, mu yi ta haɗa wa baƙi zoɓo da kunun aya da lamurje da ruwan kankana da na abarba a gaban idonsu. In an tashi mu naɗe kayanmu mu kama hanya. Duk wanda ya kira ni tambayarsa ɗaya ce: "Anti, nawa zan tanada in fara?" Ni kuma nakan mayar masa da tawa tambayar: a wane gari? Yawancinsu sai su yi shiru, don ba su taɓa tunanin garin yana da ruwa a cikin lissafin ba.

Kalmar da masu wannan sana'a ke amfani da ita a Legas da ƙasashen Turawa, in an juya ta zuwa Hausa, mashayar tafi-da-gidanka take nufi. Ranar da na kai wa Baba maganar, na yi kuskuren nuna masa hoton wata kanta da na gani a Instagram, ga kwalabe jere a bayanta. Ya daɗe yana kallon wayar, sannan ya ce, "Wato duk karatun da na biya miki, mashaya za ki buɗe?" Sai da Mama ta shiga tsakani, na haɗa masa zoɓo da citta da kanumfari da ɓawon abarba na kai masa bayan la'asar kwana uku a jere, kafin ya sa albarka. Har yau bai yarda a ambaci waccan kalma a gidansa ba, ni ma na daina rubuta ta a katina.

A can inda abin ya samo asali, wato Amurka da Ingila, giya ce ginshiƙinsa, babu amfanin ɓoyewa. Sukan sayi tsohuwar tirelar ɗaukar doki su kankare ta su yi mata fenti su mayar da ita kanta. A Ingila har da 'yar motar nan mai ƙafa uku ta kamfanin Piaggio, 'yar uwar A Daidaita Sahu, suke gyarawa su sa mata famfo. Kasuwarsu tana ci ne inda ake ɗaura aure a gona ko a lambu ko a bakin ruwa, wurin da babu otel balle mashaya, kuma a watannin da sanyi ya ja da baya. Abin da ya fi ba ni mamaki da na bi diddigi shi ne, a jihohi da dama na Amurka mai kantar ba shi da izinin sayar da giyar da kansa. Mai biki ne zai sayo abinsa, shi kuwa a biya shi kuɗin kanta da ƙanƙara da kofuna da ma'aikata. Ashe ko a can ma, abin da ake biya shi ne hidima da kwalliya, ba abin da ke cikin kofin ba. Da na gane haka hankalina ya kwanta, don hidima da kwalliya ba su da addini.

A Najeriya Legas ce uwa. Mutanen can suna da al'adar shagalin Asabar da suke kira owambe, ga kamfanoni masu taron ƙarshen shekara, ga watan Disamba da 'yan Najeriya mazauna ƙasar waje ke dawowa da daloli da fam. Ba na jayayya da wannan. Abin da nake ƙi shi ne yarinya a Gusau ko Azare ta kalli bidiyon Lekki ta kwafi jerin abin shansu da farashinsu, ta zuba kuɗin gadonta a ciki.

Abuja na fi samun kuɗi a aiki ɗaya, kuma a can na fi mayar da aiki. Gari ne da ya tara kowa. Za a kira ki bikin da rabin baƙin daga Katsina suke, rabi daga Inugu, mai shirya bikin ta ce tana son kanta ɗaya da za ta yi wa kowa. Ni dai na yanke wa kaina hukunci tun farko, ba na taɓa giya, ba na kuma raba kanta da mai yin ta. Wasu sukan fahimta su kafa kanta biyu, ɗaya a wannan kusurwa ɗaya a waccan. Wasu sukan kashe waya. Ban taɓa ganin laifinsu ba, bikinsu ne. Mutanen Maitama da Asokoro da Gwarinpa ba sa yawan ciniki a kan farashi, amma suna duba komai, har farcen yaran da ke zuba abin sha. Ga kuma hanya. Jirgin ƙasa daga Rigasa zuwa Idu yana da daɗi ga mai jaka ɗaya, amma ba ya ɗaukar mini kanta da kula shida, dole sai mota, kuma duk wanda ya san titin Kaduna zuwa Abuja a shekarun nan ya san ba a bin sa da dare da kwanciyar rai. Kwanan otel na mutum biyar kan cinye kusan rabin ribar.

Kaduna kuwa kogi ya raba mana kasuwa kamar yadda ya raba garin. Daga Unguwar Rimi da Malali da Kawo da Tudun Wada, aikin irin nawa ne. Ƙetaren gada, wajen Barnawa da Sabon Tasha da Kakuri inda kamfanin giya yake, akwai masu yin irin ta Legas sak. Ina da abokiyar sana'a a can, Kirista ce, mun shekara huɗu muna tura wa juna aiki. In Musulmi suka kira ta takan ba su lambata, in aka kira ni aikin da ba zan iya ba nakan ba da tata. Kuma kada a ɗauka duk bikin ƙetaren gada na giya ne. Majami'u da yawa ba sa yarda da ita ko kaɗan, na sha yin aiki a harabar coci ana ta yaba kunun ayata.

Sai Kano, wadda a ganina ita ce babbar kasuwar wannan sana'a a Arewa, kuma mutane da yawa ba su gane dalili ba. Suna cewa ai tun 2000 da aka ƙaddamar da shari'a giya ta zama haramtacciya a dokar jiha, Hisba na tara kwalabe tana murƙushe su da katafila a bainar jama'a, to me mai kanta zai je yi? Ai wannan ne ma ya buɗe mana ƙofa. Babu mai gasa da ke da kwalba, kuma Bakano ba ya wasa da biki. Aure ɗaya sai a yi sa lalle, a yi kamu, a yi wuni, a yi dina, wasu su ƙara da daren Larabawa, bayan ɗaurin aure a yi walima, daga baya a yi buɗar kai. Kowanne taro ne mai zaman kansa, kuma yawancinsu na mata ne, mata kuwa su ne ke tsayawa gaban kanta su ɗauki hoto da kofi a hannu. Ga kaya a kusa. Zoɓon da Jigawa ke nomawa, wanda ake lodawa har Mekziko, yana nan a Dawanau buhu-buhu, 'ya'yan itace kuma a 'Yan Lemo.

Amma Kano tana da nata horon. Hajiya za ta yi ciniki da ke kamar tana sayen atamfa a Kantin Kwari, ta ce miki mutum ɗari biyu ta gayyata, ranar biki ki ga ɗari huɗu, rabi 'yan gayyar soɗi. In abin sha ya ƙare ba za a ce Hajiya ta yi ƙwauro ba, za a ce mai kanta ba ta iya aiki ba. Yanzu da kofi nake lissafi, ba da kai ba, kuma sai an ba ni kafin alƙalami mai kauri kafin in tayar da mota.

A Kano ne kuma na koyi darasin da nake son duk mai shiga sana'ar nan ya ji. Chapman, abin shan nan ja da ake cewa daga wani kulob na Ikoyi ya fito, kowa ya ɗauke shi a matsayin lemo zalla: Fanta da Sprite da jan sirof da kokwamba da lemon tsami. To amma yadda aka saba haɗa shi ana ɗiga masa Angostura, wata 'yar kwalba mai rawayan murfi da takardar da ta fi ta tsawo. Ni ma haka aka koya mini, haka nake yi a shekarata ta farko. Ranar wani kamu wata dattijuwa, malamar makaranta ce mai ritaya, ta ɗauki kwalbar daga kan kantata ta gyara tabarau ta karanta, ta nuna mini da yatsa: kashi 44.7 cikin ɗari barasa ne. Ba ta ɗaga murya ba. Cewa kawai ta yi, "'Yata, ɗigo ne na sani, amma ba ki gaya mana ba." Na rasa inda zan sa kaina. A wurin na zubar da abin da na haɗa, na nemi gafarar uwar biki. Tun daga ranar ɓawon lemu da kanumfari da ɗan tsamiya nake dafawa su ba ni wannan ɗacin, kuma ba wanda ya taɓa cewa ya ji bambanci. Na san masu haɗa Chapman da yawa a garuruwanmu da har yau ba su taɓa juya kwalbar nan sun karanta ba.

Jos sau uku na je. Suna da sitiroberi mai arha a lokacin hunturu da ba ma samu a nan, amma sanyin garin kan sa da magariba kowa ya guje wa ƙanƙara. Mai son yin kasuwa a can ya tanadi shayi, har da irin na Buzaye a 'yar buta kan gawayi, da gahawa. Sakkwato da Maiduguri kuwa ƙishi ba ya ƙarewa, daga Maris zuwa Mayu zafi kan haura digiri 40, sai dai abin da zai sa a saya shi ne abin da zai narkar da jarin.

Wannan ya kawo ni kan ƙanƙara, wadda ita ce sana'ar gaba ɗaya, sauran duk ado ne. Kunun aya ba ya da haƙuri. In ya bar sanyi na 'yan awoyi sai ya fara tsami, ya kumbura jarka. A ƙarshen Oktoban 2024, lokacin da yawancin jihohin Arewa suka yi fiye da mako guda babu wuta, ina da aikin wuni a ranar Asabar. Na jiƙa aya na markaɗa da dabino da kwakwa tun daren Juma'a, na dogara da janareta. Ƙarfe biyun dare ya mutu. Da asuba na aika yara unguwa-unguwa neman ƙanƙara, inda aka samu an ninka kuɗinta, ga layi kamar na mai. Jarka biyar na zubar a kwata, na je bikin da zoɓo da lamurje kawai, na mayar wa uwar amarya rabin kuɗinta. Daga wannan ne na sayar da sarƙata na sa sola da firiza biyu, abin da ya kamata in fara da shi kafin in biya kafinta ya yi mini kanta mai fitilu.

Tsadar kaya ma ba ta bar mu ba. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 kuɗin mota ya zama shi ne babban abin da nake fara lissafawa, garin da ya wuce Zariya sai na yi tunani biyu. A wannan shekarar ce kuma cuta ta faɗa wa gonakin citta a Kaciya da Kagarko da Jaba, cittar da muke saye a ƙofar gida ta koma kamar zinariya. Zoɓo da lamurje kuwa ba citta ba su da rai.

Game da lokaci, kasuwarmu kalandar Musulunci take bi fiye da ta Bature. Rajab da Sha'aban ba ma barci, kowa na son a kai amarya kafin azumi. Bayan Babbar Sallah ma haka, sai kuma hutun Disamba. Cikin Ramadan biki kan tsaya, amma akwai buɗa-baki na ofisoshi da ƙungiyoyi, ga masu sayen kunu a gora da yamma. Tsakiyar damina kuwa akan yi wata guda waya ba ta yi ƙara ba, kuma albashin yara ba ya jira.

Saboda haka, Ranka ya daɗe, ga amsata ga masu kirana. Kafin ki tambaye ni kuɗin kanta, ki je bukukuwa biyar a garinku ki tsaya kusa da inda ake raba abin sha, ki ga me ake fara ƙarewa da shi, me ake bari a kan tebur. Ki san mai ƙanƙara biyu da sunansu da gidajensu. Ki juya kowace kwalba ki karanta bayanta. In kuma jaridarku na da wakilin da zai iya tashi da asuba, ina da kamu a Zariya Asabar ta biyu ga wata mai kamawa, ya zo ya bi mu a bayan a-kori-kura ya gani da idonsa. Ƙarfe biyar muke lodi, ya taho da rigar da ba ya jin tsoron zoɓo ya zuba mata.

Wassalam.

Taku mai karatu,
Mai kantar abin sha,
Tudun Wada, Kaduna