Masu shimfiɗa ciyawar roba, a duba ƙasar da ke ƙarƙashi tukuna

Assalamu alaikum Malam Edita,

Don Allah a ba ni ɗan fili in ja hankalin 'yan uwa kan harkar nan da ake yayi yanzu, wato filin ƙwallo na ciyawar roba, za ka ga an kewaye fuloti da waya an shimfiɗa koren kafet samari suna biyan kuɗin awa suna buga biyar-biyar har dare, wasu masu hali ma a bayan gidansu suke yi saboda yara. Ni kam ina son abin, ya fi yaro ya tafi yawon da ba ka san inda yake ba. Amma abin da ya samu yayana bara a nan Zariya shi ne ya sa na kasa yin shiru.

Gidansa yana gangaren da ya nufi fadamar Kubanni ne, ƙasar wajen baƙar laka ce. Mai aikin ya zo a watan Fabrairu lokacin ƙasa ta bushe ƙamas kamar daɓen siminti, ya buga ƙafa a kai ya ce Alhaji wannan ai ba ta buƙatar komai, aka kawo yashi tifa biyu aka baje aka shimfiɗa kafet aka manna da gam, shi ke nan ya karɓi kuɗinsa. Ranar da aka gama wallahi gwanin sha'awa, har maƙwabta suna leƙowa.

Da Agusta ta shigo aka yi kwana uku ana ruwa sai filin ya koma tafki. Bayan ruwan ya ɗan janye na je na taka da ƙafata, ji na yi kamar ina tafiya a kan katifa, kuma duk inda na taka sai baƙin taɓo ya bulbulo ta 'yan ramukan nan da ke jikin kafet ɗin, ramukan da aka yi su don ruwa ya sauka ƙasa sai ga shi ta nan taɓo yake hawowa sama. Ga wari ga sauro. Da rani ya dawo kuma ƙasar ta dare, gam ya saki a wajen haɗi, nan tudu can kwari, ƙaramin ɗansa yana gudu yatsunsa suka maƙale a bakin haɗin ya gurɗe ƙafa, sati biyu bai je makaranta ba.

Duk wanda ya taɓa noma a fadama ya san halin laka, in ta sha ruwa kumbura take yi ta riƙe ruwan ta ƙi sakinsa, in ta bushe ta tsuke ta tsattsage har hannunka zai shige. Ciyawar roba kuwa ba ta da ƙarfin kanta, yadda ƙasa ta kwanta haka za ta kwanta. To asalin aikin a ƙarƙashi yake, kuma nan ne masu kwangila suke cin kuɗin mutane tunda ba a gani.

Sai daga baya wani injiniya abokinmu ya nuna mana yadda ya kamata a yi tun farko. A haƙe lakar sama a kwashe ta, a ba wa filin gangara kaɗan, kamar santimita 1 a kowace mita, yadda ruwa zai san hanyarsa. A shimfiɗa kyallen nan mai tace ruwa da ake sawa a aikin titi don kar lakar ta haɗiye tsakuwa, a binne fayif masu huji a kai bakinsu lambatu, sannan a zuba fasasshen dutse a ƙalla kaurin santimita 10 zuwa 15, kuma ba a zuba shi lokaci guda, kaɗan-kaɗan ake yi ana yayyafa ruwa ana bi da injin daɓe, a ƙarshe a rufe da garin dutse a daidaita. Yashi zalla a kan laka kuwa ba ya hana komai, ruwa zai ratsa shi ya tarar da lakar ya tsaya a nan.

Kafin ka kashe ko sisi ma akwai gwajin da ba ya cin kuɗi, ka haƙa rami zuwa gwiwa ka cika shi da ruwa da yamma, in da safe ka tarar ruwan yana nan to ka san da wa kake yi. Kuma don Allah a tambayi tsofaffin unguwa, fulotai da yawa a garuruwanmu tsohon kududdufi ne aka cike da shara da ƙasa aka sayar, irin wannan ya fi lakar ma haɗari don zai yi ta lotsawa ne shekara da shekaru.

Wani abin da masu sayarwa ba sa faɗa shi ne zafi. A bazara, Maris da Afrilu, robar nan tana ɗaukar zafin da ya fi na iska nesa ba kusa ba, tana iya wuce digiri 60, yaro ba takalmi da azahar ƙonewa zai yi. Baƙin garin tayar mota da ake barbaɗawa a cikin ciyawar shi ma yana ƙara zafin, kuma ruwa yana kwasarsa ya kai lambatu, shi ya sa Tarayyar Turai a 2023 ta yi dokar da za ta hana sayar da shi daga 2031, mu kuwa ko maganar ba a fara ba.

Ina roƙon hukumomin tsara birane na jihohinmu su riƙa tambayar masu buɗe irin wannan fili ina ruwansu zai bi kafin a ba su izini, don in ka ɗaga filinka ba ka yi masa hanya ba katangar maƙwabcinka ce za ta sha, kuma da yawa katangun namu na ƙasa ne. Yayana dai yanzu an naɗe kafet ɗin an jingine a zaure, muna jiran ƙasa ta bushe a sake haƙa daga farko, yara kuma kullum sai sun tambaye shi yaushe za a mayar musu da filinsu.

Na gode Malam Edita, Allah Ya ƙara ɗaukaka.

Mai karatunku daga Zariya