Cibiyar ƙwayar halitta a ɗaure take

Ranka ya daɗe Edita,

A ba mu dama mu gyara kuskuren da zanen littattafan sakandare ke jawowa. Ana nuna cibiyar ƙwayar halitta tana lilo kamar gwaiduwar ƙwai, alhali ɗaure take tamau da zaruruwan da ke tallafe da ƙwayar.

Fata biyu ne suka lulluɓe cibiyar, tazararsu nanomita 30 zuwa 50 (nanomita kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita). Wani furotin mai suna SUN na ratsa fatar ciki uku-uku, gindinsa kuma na kama lamin, ragar furotin da ke shimfiɗe a ƙarƙashin fatar cikin. Cikin tazarar yake damƙe wutsiyar nesfirin, wani furotin da ya ratso fatar waje. Daga cikin zaruruwan da ke tallafe da ƙwayar, nesfirin nau'i na 1 da na 2 na riƙe zaren aktin, na 3 kuwa sai ta hannun furotin filektin yake isa ga waɗanda ake kira matsakaitan zaruruwa. A 2006 aka raɗa wa wannan gada ta SUN da nesfirin suna LINC.

Idan lamin nau'in A/C ko emerin, wani furotin na fatar ciki, suka samu tawaya, cibiyar ba ta jure jan tsoka. Daga nan ake samun cutar Emery-Dreifuss: tsoka ta tsiyaye, gwiwar hannu ta ƙage, bugun zuciya ya rikice. Tawayar nesfirin 4 kuma kurumta take kawowa. Muna roƙon masu tsara manhaja su gyara zanen.

Wasu malaman ilimin halittu