A kawo maganin ciwon damuwa kusa da gida

Malam Edita,

Ƙanena ya shekara biyu barci ya ƙaurace masa, ba ya kula kowa, abinci ma sai an yi da gaske. Asibitin da ke da likitan ƙwaƙwalwa tafiyar yini ce, kuɗin mota kaɗai ya fi ƙarfinmu.

A Zimbabuwe, Dakta Dixon Chibanda ya horar da tsofaffin mata, suna zama kan benci a harabar ƙananan asibitocin Harare suna sauraron masu damuwa, wanda abin ya tsananta masa a tura shi gaba. Shirin kula da lafiyar ƙwaƙwalwa mai suna mhGAP na Hukumar Lafiya ta Duniya, tun 2008, yana koya wa ma'aikatan jinya gane cutar da yi mata magani.

Don Allah hukumomi su horar da namu tsofaffin matan da ma'aikatan jinya, su ajiye magungunan a asibitin unguwa. Ƙanena har yau jira yake.