Za a sayar da garkarmu don in yi shekarar share fage a Ingila

Assalamu alaikum, Malam.

Ina gaishe ku da aiki, da fatan kuna lafiya ku da iyali. Allah ya saka da alheri bisa wannan shiri da kuke gabatarwa. Ni saurayi ne daga nan garin Tawa. Ina roƙon kada a faɗi sunana, ko da yake na san ƴan gidanmu suna saurare kuma za su gane ni. Ba komai, wataƙila ma ya fi sauƙi su ji maganar daga bakinku.

Bara na samu bak D, wato shaidar gama lise a ɓangaren kimiyya, kuma ilimin kwamfuta nake so in karanta, abin da muke ce wa informatik. Tun ina lise nake zama shagon wani mai gyaran salula bayan an tashi lakkwal. Can na fara koyon Python, wani harshen rubuta manhaja, a kan wata tsohuwar kwamfuta wadda batirinta ya daɗe da mutuwa. Da an ɗauke wuta, duk abin da ban ajiye ba ya tafi ke nan. Da ita na rubuta wata ƴar manhaja da ke riƙe wa Baba lissafin albasarsa: buhu nawa aka zuba a rudu, nawa ya ruɓe kafin kasuwa ta tashi, wa ya ɗauka bashi bai biya ba. Har yanzu da ita muke aiki.

Yanzu wata jami'a a Ingila ta ba ni gurbi, amma da sharaɗi: sai na fara yin shekarar share fage. Digirin farko a can shekara 3 ne, da share fagen ya zama 4. A wannan shekarar ana koyar da lissafi, da tushen rubuta manhaja, da Ingilishin karatun jami'a, kuma sai mutum ya kai makin da suka gindaya sannan ya wuce shekarar farko ta digiri. Wanda ya tsaya nan, ko don faɗuwa ko don rashin kuɗi, ba shi da digiri a hannu.

Baba ya ɗauka maimaita aji ne, ya ce ina amfanin bak ɗin da na sha wahala a kansa. Ni kuwa ban ga laifin tsarin ba, ina ma ganin don irina aka yi shi. Mutane da yawa a nan suna zaton ilimin kwamfuta buga takardu ne ko gyaran inji, alhali cikinsa lissafi ne tsagwaronsa: aljabra, da ƙa'idojin kafa hujja, da auna ko hanyar da ka bi wajen warware matsala za ta ɗauki daƙiƙa ɗaya ko kwana guda idan bayanai suka yi yawa. Lissafina matsakaici ne. Ingilishina kuma na lakkwal ne, ina karantawa in gane, amma idan Bature ya buɗe baki da sauri sai in tsinci rabi in bar rabi. Duk karatuna da Faransanci na yi shi. Don haka shekarar kanta ina bukatarta.

Kuɗin ne ya hana ni barci, Malam. Abin da aka rubuta a takardar na shekara ɗaya kawai ya haura miliyan 10 na sefa, ban da ci da wurin kwana. Kafin a ba da biza sai an nuna kuɗin makaranta na shekarar farko da na zaman wata 9, kuma su kwana 28 a jere cikin banki ba a taɓa ba. Ga jarrabawar Ingilishi ta IELTS, ga kuɗin jirgi, ga na inshorar lafiya.

Yayana da ke kasuwanci a Abijan shi ne ya tsaya kai da fata. Ya ce zai kawo abin da ya tara, sauran kuma a sayar da garka a cika. Da na tambaye shi shekaru ukun da suka rage fa, sai ya ce in dai na sa ƙafa can, aiki ba ya ƙarewa, ni zan riƙa biya wa kaina. Na bincika. Bizar ɗalibi ba ta yarda a wuce awa 20 na aiki a sati lokacin karatu. Na buga lissafin ta kowace fuska: abin da zan samu zai iya ciyar da ni, ya rage mani kuɗin ɗaki, amma ba zai biya makaranta ba. Wato garkar gaba ɗayanta shekara ɗaya za ta saya cikin huɗu, ita ma wadda ba ta ba da digiri. Kamar mutum ne ya ƙarar da kuɗinsa wajen gina zaure, bai tayar da ɗaki ko ɗaya ba.

Garkar nan kuwa ita ce gidanmu. Kakanmu ya haƙa rijiyar da ke cikinta. Da albasarta ake sayen hatsi idan damina ta yi gardama, da ita ake yi wa ƙannena huɗu kayan lakkwal, da ita aka aurar da yayata. Ranar da aka yi maganar, Yaya yana kan waya an buɗe murya kowa na ji. Baba ya ce, "In dai karatu ne, a sayar," amma yana faɗa yana tonon ƙasa da tsinke, bai ɗago ya dube ni ba. Inna cewa kawai ta yi mu maza mun fi sani, ta tashi ta koma madafa. Na san iyayena. Wannan ba yarda ba ce, kara ce suke yi wa Yaya, ni kuma suna jin nauyin a ce sun tare mani hanya.

Shi kuma mutumin da ya yi mani hanyar takardun kullum sai ya kira, wai in ba a tura kuɗin kama gurbi da wuri ba za a ba wani. Gaggawar tasa ba ta kwanta mani ba.

Ba wai babu wata hanya ba. A Yamai, Jami'ar Abdou Moumouni tana da sashen lissafi da informatik, lisans shekara 3, kuma ana iya neman tallafin ANAB, hukumar da ke ba ɗalibai kuɗin karatu a Nijar. Zan iya yin wannan, in riƙa ƙarfafa Ingilishina a gefe, bayan na gama in nemi burs ɗin digiri na biyu a waje. Akwai kuma Najeriya, ga Sakkwato nan ba nisa da Ƙonni. Can suna da IJMB, jarrabawar share fagen shiga jami'a, wadda Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ke kula da ita, kuma wanda ya ci da kyau yana iya neman shiga aji biyu kai tsaye. Karatun da Ingilishi ne, kuɗin kuma bai kama ƙafar na Ingila ba.

Da na kawo wa Yaya waɗannan, ransa ya ɓaci sosai. Ya ce tsoro ne ke damuna, a bari ya huce shi ke kawo rabon wani. Ban ga laifinsa ba. Yana aji huɗu na kwaleji ya ajiye karatu ya tafi bida don mu mu samu mu yi, kuma burinsa a ce wani daga gidanmu ya kai inda shi bai kai ba. Idan na ƙi, zai ji kamar na watsa masa ƙasa a ido. Ni ma kaina, Allah ya sani, ina son tafiyar. Ina son in zauna inda wuta ba ta ɗaukewa, in koyi abin nan daga tushensa a hannun waɗanda suka ƙware.

Malam, shin ya dace in karɓi wannan sadaukarwa alhali ina ganin kuɗin ba za su kai ni ƙarshe ba? Ko kuwa ni ne nake taƙaita wa kaina arziki, kamar yadda Yaya ya ce? Idan kuma kuna ganin in haƙura in yi Yamai, da wane harshe zan gaya masa ba tare da zumunci ya taɓu ba? Na yi tunanin in sa kawunmu ya shiga tsakani, amma ina tsoron Yaya ya ce na kai ƙararsa.

Ina kuma roƙo, idan cikin masu saurare akwai wanda ya yi irin wannan shekarar share fagen, a Ingila ko wata ƙasa, ya kira ya gaya mana gaskiyar yadda ya biya sauran shekarun. Dillalai sun riga sun fara zuwa kallon garkar, Baba kuma ya ce da an cire albasar bana za a yi ciniki.

Na gode, Allah ya ƙara girma.

Ɗanku,
daga Tawa