Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Shugaban Hukumar NERC

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da fatan alheri. Ni tela ne a Kano, ina da keken ɗinki uku, biyu daga ciki na wuta ne. Na rubuto maka ne kan yadda hukumarku, mai kula da harkar wutar lantarki a Najeriya, ta kasa masu amfani da lantarki kashi biyar, daga rukunin A zuwa E.

A takarda, rukunin A na samun aƙalla awa 20 a rana, rukunin E kuma awa 4. A watan Afrilun 2024 kun ɗaga kuɗin rukunin A zuwa naira 225 kan kowane yunit (kilowat ɗaya na tsawon awa guda), aka ce mai hali ya biya kuɗin wutarsa. To, kamfanin rarraba wuta da ke neman riba, wutar kuma ba ta isa kowa, ina zai karkata ta? Sai layin da ya fi kawo kuɗi. Mu ba mu muka zaɓi rukuninmu ba. Layin da ya ratsa unguwarmu ne ya zaɓa mana, kuma kowa ya san unguwannin da aka daɗe ana gyara wa layi.

Awa huɗun nan ta rukuninmu na E ma, in ta zo, da tsakar dare take zuwa. Da rana sai janareto, ga fetur ya yi tashin gwauron zabi tun da aka cire tallafi a Mayun 2023. Ashe mu da aka bar wa wuta mai araha, mu ne ke kashe kuɗi mafi yawa kafin keke ya juya. Haka mai markaɗe, haka mai walda, haka matar da ke sayar da ƙanƙara da zoɓo a cikin gida. Da azumi na sallami yara biyu masu koyon aiki, don ba zan iya ciyar da su in ciyar da janareto ba. Har yau abin na cin raina.

Ga kuma rashin mita. Wata ya ƙare a kawo mana takardar ƙiyasi, a ce mu biya wutar da ba mu gani ba. Taransifoma ta ƙone, mu yi karo-karo mu gyara, kuɗinmu ya tafi ke nan.

Ranka ya daɗe, ina roƙonka ka wajabta wa kamfanoni su fara raba mita daga unguwannin D da E, kuma awannin da aka yi mana alkawari su riƙa faɗowa da rana, lokacin da shaguna ke buɗe. Wanda ya saɓa, a ci tararsa, a rage mana daga kuɗin wata.

Naka,
Wani tela daga Kano