Roƙon Tallafi: Ku Taimaka Mu Kai 'Ya'yanmu Gashaka Su Ga Sawun Damisa

Assalamu alaikum. Muna gaida iyayen yara, da tsofaffin ɗalibai, da 'yan kasuwar unguwa, da duk mai son wannan makaranta tamu ta Jalingo da alheri.

Kwamitin iyaye da malamai ne ke roƙo a madadin 'yan aji biyar da ke ƙungiyar kula da muhalli. Muna so, in Allah ya yarda, mu kai su Gandun Dajin Gashaka-Gumti da zarar ruwa ya ɗauke, hanya ta bushe. Iyaye sun yi iya ƙoƙarinsu, amma abin da aka haɗa bai kai ba. Shi ya sa muka fito neman taimakonku.

Mun san abin da wani zai ce, domin an faɗe shi a zaman kwamiti. Wani dattijo daga cikinmu ya ce, "Malam, ana fama da tsadar masara, ku kuna maganar damisa?" Tambaya ce mai kyau, kuma ta cancanci amsa.

Yaran nan sun tashi suna jin zaki manyan dawa a tatsuniya, suna jin kirarin damisa ƙi sabo. Abin da ba su sani ba shi ne dabbobin suna gab da ƙarewa. Binciken da aka fitar a 2014, bayan masana sun shafe shekaru suna bin dazuzzukan Afirka ta Yamma, ya ƙiyasta cewa zakunan da suka rage a yankin gaba ɗaya kimanin 400 ne, kuma waɗanda suka isa haihuwa ba su kai 250 ba. A wurare huɗu kacal aka same su: Niokolo-Koba a Senegal, da babban dajin da ya haɗa Benin da Burkina Faso da Nijar, sai Kainji da Yankari a nan Najeriya. Namu na Najeriya, a haɗe, ba su kai 50 ba. Gashaka ba ta cikin jerin. A 2015 aka sanya zakin Afirka ta Yamma a sahun dabbobin da suka fi kusa da ɓacewa daga doron ƙasa.

Damisa ce ta rage mana a Gashaka, kuma hanyar da zaki ya bi ya tafi ita ce ake bi da ita. Mafarauci ya ɗana tarkon waya don gada ko mazo, waya kuwa ba ta zaɓe. Duk abin da ya sa ƙafa ko wuya ta shaƙe shi. Idan aka kwashe namun da take ci aka kai kasuwa, yunwa ta tura ta garke, ta kama maraƙi. Makiyayi ya wayi gari da asara, ransa ya ɓaci, ya zuba guba a mushen. Damisa ta dawo cin saura ta mutu, kura ta ci ta mutu, ungulu ma su sauka su bi sahu. Ba ma ɗora wa makiyayin laifi shi kaɗai, domin wanda ya rasa maraƙi shi ya san zafinsa. Ga kuma masu sayen fatarta, ga masu haƙar ma'adinai a ɓoye, ga masu saran madobiya, wadda a nan Taraba muka fi sani da madrid. Wanda ya ga tireloli suna fita da gumaguman itacen nan ta hanyar Bali a shekarun baya ba ya buƙatar a yi masa bayani.

Amsar da muka ba baba ita ce: dajin da damisa ke kwana a ciki shi ne ke riƙe ruwan Kogin Taraba, wanda ke gangarawa ya faɗa Binuwai. Idan aka aske duwatsun nan, ruwan damina zai sauko gaba ɗaya ya kwashe gonaki, da rani kuma rafi ya ƙafe. Mai noman masarar shi zai fara ji a jikinsa. Kuma cikin yaran nan ne gobe za a samu alƙali, da ɗan majalisa, da ardo, da mai sa hannu a takardar izinin saran itace. Mun fi so su san dajin da idonsu kafin takardar ta zo teburinsu.

Gandun, wanda aka kafa a 1991, shi ne mafi girma a Najeriya, faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 6,000, ya ratsa Taraba da Adamawa har iyakar Kamaru. Za mu bi ta Bali mu sauka a Serti, inda hedikwatarsa take. Daga nan yaran za su shiga daji tare da dogaran gandun.

Bari mu faɗi gaskiya tun yanzu, kada wani ya ce an yaudare shi: da wuya su ga damisa. Dare take yawo, kuma tana ganin mutum tun kafin ya san tana wurin. Sawunta za a nuna musu a yashin bakin rafi da sassafe, kafin rana ta ɓata shi. A nan za su koyi bambanta shi da na kura: na kura yana fitowa da alamar farce a gaban kowace yatsa, ita kuwa damisa tana naɗe faratanta idan tana tafiya, sai ka ga sawun kewaye sumul. Za su ɗaga kai su duba rassa, domin tana jan abin da ta kama ta haye bishiya da shi. In an yi sa'a da dare, su ji kukanta, kamar kafinta yana yanka katako da zarto. Za kuma a nuna musu irin kyamarar da ake ɗaurewa a jikin itace, wadda ke ɗaukar hoto da kanta idan dabba ta gifta. Da yake zanen jikin kowace damisa daban yake da na 'yar'uwarta, da hotunan nan ake ƙirga su ɗaya bayan ɗaya.

Sai dutse. Chappal Waddi, mai tsayin mita 2,419, shi ne ƙololuwar Najeriya, kuma a jiharmu yake. Ta ɓangaren Mambila ake hawansa, tafiyar ƙasa ce ta kwanaki, ana kwana a hanya. Ba duka za su hau ba. Sai manyan cikinsu da likita ya duba, iyayensu kuma suka sa hannu. Sauran za su tsaya wajen Nguroje tare da malamai. Malamai mata za su kasance da 'yan mata ko'ina. Ba za mu motsa ba sai hukumar gandun ta ba da izini ta haɗa mu da dogarai. Idan ta ce lokacin bai dace ba saboda tsaro, za a ɗage tafiyar, kuɗin ya zauna a asusu.

Mafi nauyi a kanmu shi ne hayar mota da mai, da kuɗin shiga, da sallamar 'yan rakiya da masu ɗaukar kaya. Amma ba kuɗi kawai muke nema ba. Sanyin Mambila da dare ba irin na Jalingo ba ne, kuma yawancin yaran silifa ko sandal gare su. Mai tsohuwar rigar sanyi, ko bargo, ko takalmi sau ciki mai ƙwari, ko tocila, ya kawo. Mai shago ya ba da shinkafa, wake, gari ko sukari. Mai kemis ya taimaka da kayan ɗaurin rauni da maganin sauro. Muna da marayu da 'ya'yan marasa ƙarfi a ƙungiyar, kuma kwamiti ya yanke cewa ba za a bar yaro a gida don rashin kuɗi ba. Wanda Allah ya hore wa, ya ɗauki nauyin ɗaya.

An manna cikakken ƙiyasin kuɗin a allon sanarwa na ofishin shugaban makaranta, kowa na iya zuwa ya duba. A miƙa gudummawa ga ma'ajin kwamiti kawai, a karɓi rasit. Ba mu aiki kowa gida-gida ba. Bayan an dawo za a karanta abin da aka samu da abin da aka kashe a taron iyaye, yaran kuma su tashi su ba da rahoto da bakinsu. Idan an samu rara, kwamiti ya amince a sayi kyamarar daji ko da guda ce a ba ma'aikatan gandun.

Allah ya saka wa kowa da alheri, ya mayar da ninkin abin da aka bayar.

Kwamitin Iyaye da Malamai